Yaron da Ke Cewa "Burodi" Bai Yi Kuskure Ba

A bangon azuzuwan nazare na makarantun kuɗi da yawa, daga cikin garin Daura zuwa Mai'aduwa da Zango, akwai wata takarda mai launi da ta zama kamar tutar ci gaba. An jera haruffa bibbiyu a kanta: *bl, cl, fl, br, dr, gr, sk, st*. Malama ta nuna da 'yar sanda, yara 'yan shekara huɗu da biyar su amsa da murya ɗaya. Abin da ke fitowa daga bakinsu shi ne "bulu, kulu, fulu, biri, diri, giri". Malamar ba ta tsayawa ta gyara, domin ita ma kusan haka take faɗa. Da yamma yaro ya rera wa mahaifinsa, uban ya yi murmushi, ya ce kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Jayayyata da wannan takarda ce, da tunanin da ya manna ta a bango, da mu iyayen da muke biya a ci gaba da manna ta. Koya wa ɗan Bahaushe cunkoson baƙaƙen Turanci kafin ya iya karanta harshen da yake magana da shi ɓarnar shekarun da suka fi kowaɗanne tsada ce a rayuwar karatunsa. Yadda ake koyar da shi kuma hadda yake haifarwa, hadda marar ma'ana, wadda ake sayar mana da sunan karatu. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi da arha, kuma tana kai yaro ga Turancin da iyayensa ke nema masa.

Yadda aka gina bakinmu

Gaɓar Hausa iri uku ce. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar *gi* a *gida*. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar *Dau* a *Daura*. Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe gaɓar, kamar *has* a *haske*. Duk wanda ya buɗe littafin nahawun Hausa, na Farfesa Mu'azu Sani Zariya ne ko babban kundin Paul Newman na shekarar 2000, wannan zai tarar. Babu gaɓar Hausa da ke farawa da baƙi biyu, babu kuma wadda ke ƙarewa da baƙi biyu.

Turanci kuwa jibga baƙaƙe yake yi. Kalmar *street* tana farawa da baƙi uku a jere ba wasali a tsakaninsu. Kalmar *texts* tana ƙarewa da sautin baƙi huɗu. Yaron da aka haifa a Landan ya ji irin wannan tun yana goye, ya faɗi *stop* da *please* da *black* sau dubbai kafin ya ga allo. Ranar da malaminsa ya nuna masa *bl*, abin da bakinsa ya riga ya iya ne aka nuna masa yadda ake rubuta shi. Ɗan Sandamu kuwa abu uku aka ɗora masa a lokaci guda: sautin da harshensa bai taɓa yi ba, kalmar da bai san ma'anarta ba, da haruffan da bai gama tantancewa ba.

Hausa ta daɗe da samun maganin cunkoson baƙaƙe, tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Idan ta ari kalma mai baƙi biyu manne, sai ta saƙala wasali a tsakani. Balarabe ya ce *dars*, muka ce darasi. Ya ce *harf*, muka ce harafi. Ya ce *ilm*, muka ce ilimi. Ya ce *qabr*, muka ce kabari. Kalmomin da muke ambaton karatu da su ma kansu shaida ne a kan wannan ƙa'ida. Da Turanci ya zo, ba a sauya masa doka ba: *bread* ya zama burodi, *driver* direba, *glass* gilashi, *flour* fulawa, *store* sito, *block* bulo, *primary* firamare. Saboda haka yaron da ya ga *bl* ya ce "bulu" yana bin dokar da kakannin kakanninsa suka bi, kuma ya bi ta daidai. Wannan alamar lafiyayyen kunne ce da ƙwaƙwalwar da ta kama tsarin harshenta. Larabcin da yake ji a makarantar allo ma bai shirya shi ga *bl* ba, domin malaman nahawun Larabci sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a fara kalma da harafi mai ɗauri.

Ruɗanin tagwaye

Akwai wani tarkon da takardar bango ba ta san da shi ba. A rubutun boko muna da haruffa bibbiyu masu wakiltar sauti ɗaya: *ts, sh, ky, kw, gy, gw, ƙy, ƙw*. Kalmar *kwano* haruffa biyar ce a ido, sauti huɗu a kunne. Kalmar *tsaka* haka take. Darasin da ɗan aji ɗaya yake buƙata a Hausa shi ne: idan ka ga waɗannan biyun tare, abu ɗaya ne, kada ka raba su. Darasin *bl* da *st* kishiyar wannan ne: idan ka ga biyun nan, abu biyu ne, ka faɗi kowanne, amma kada ka sa wasali. Idan aka ba wa ɗan shekara biyar darussan nan biyu a zango ɗaya, ba tare da an bayyana masa cewa dokoki biyu ne na harsuna biyu ba, me ake tsammanin zai fahimta?

A ƙara da harafin *c*. A Hausa shi ne farkon *ciki* da *cokali*. A *clap* da *cross* sautin *k* yake bayarwa. *Ts* ɗin *tsuntsu* sauti ɗaya ne mai fitowa da matsin maƙogwaro, na ƙarshen *cats* kuwa sauti biyu ne. Harafin *p*, wanda ke cikin *pl, pr, sp, spr*, ba ya cikin jerin haruffan daidaitacciyar Hausa, domin Bahaushe bai raba shi da *f* ba. Shi ya sa *plug* ya zama fulogi. Tsarin Jolly Phonics, wanda aka horar da malaman firamare da shi a jihohi da dama na ƙasar nan, yana farawa da haruffa shida: *s, a, t, i, p, n*. An zaɓe su ne saboda suna haɗa kalmomin da ɗan Ingila ya sani. Tsari ne mai hankali a inda aka yi shi, amma ɗaya daga cikin shidan farko sauti ne da ɗan Baure zai fara kokawa da shi tun makon farko, kuma kalmomin da suke haɗawa ba su cikin bakinsa.

Masu abin ma ba haka suke yi ba

Abin takaici shi ne, takardar da muke mannawa ko a Ingila ta tsufa. Bayan rahoton Jim Rose na 2006, gwamnatin can ta fitar da jagorar koyar da karatu mai suna Letters and Sounds a 2007. A cikinta, matakin da ya shafi baƙaƙe masu maƙwabtaka shi ne na huɗu, kuma ba a koyar da wani sabon harafi a wannan mataki. Yaro yana faɗin sautin kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, *s, t, o, p*, sannan ya haɗe su. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya san *s* ya san *t* ba ya buƙatar haddace *st* a matsayin abu na uku. Idan aka ce sai ya haddace kowane cunkoso, an ƙara masa gomman abubuwan hadda a kan nauyin da ke kansa.

Ko ga 'ya'yan masu harshen, Turanci mai wuyar karantawa ne. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa biyu sun wallafa binciken da ya kwatanta yaran da ke koyon karatu a harsuna 13 na Turai. Sun gano cewa a mafi yawan harsunan yara suna iya karanta sauƙaƙan kalmomi kafin ƙarshen shekarar farko, masu koyo da Turanci kuwa suna ɗaukar fiye da ninki biyu na lokacin. Abubuwa biyu suka ɗora wa alhaki: rubutun da bai dace da furuci ba, da sarƙaƙiyar gaɓa. Hausa tana da sauƙi ta duka fuskokin biyu. Gaskiya ne boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, har *gari* na zama da *gari* na tuwo su zo da kama ɗaya, amma mai jin harshen yana warware wannan daga ma'anar jimla. Allah ya ba mu ɗaya daga cikin ƙofofin shiga karatu masu sauƙi, muka kulle ta, muka jera 'ya'yanmu a bakin wadda masu ita ma ke shan wuyar buɗewa.

Mun taɓa sanin hanya

Alaramman da ke zaune a zaure a unguwannin Daura bai karanta rahoton kowa ba, amma tsarinsa yana da tsani. Yaro zai fara da babbaƙu, ya san kowane harafi shi kaɗai. Sannan ya shiga farfaru, ya koyi yadda wasali ke hawa kan baƙi ya motsa shi. Sai ya iya wannan ake barin sa ya haɗa. Ba a tsallaka masa mataki don a burge mahaifinsa. Duk abin da za a faɗa kan makarantar allo, ta fahimci cewa baƙi da wasali su ne tubali, kuma tun ran gini ran zane.

Boko ma da haka ya fara. Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta ta a 1912. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, akwai masu karanta ta. A shekarun 1950 shirin Yaƙi da Jahilci ya zaunar da manoma da 'yan kasuwa a azuzuwan yamma, suka koyi *ba, be, bi, bo, bu*, suka iya rubuta wasiƙa da karanta rasit ɗin haraji. 'Yan bokon farko na Arewa, waɗanda har yau ake misali da tsabtar Turancinsu, da Hausa suka fara karatu a elemantare kafin su je midil.

Ba tarihi kaɗai ke bayar da shaida ba. Tsakanin 1970 da 1978 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. A Damagaram, wadda daga Daura ta Kwangwalam ake bi a je ta, an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci tun 1973. A jiharmu kuwa, daga 2015 shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya samar da littattafan koyon karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku a Katsina da Zamfara, ya kuma horar da malamai. A Bauchi da Sakkwato an yi makamancinsa mai suna Mu Karanta. Littattafan nan an riga an rubuta su, malaman da aka horar suna nan da ransu.

Hujjar masu cewa a fara da Turanci

Mai karatu zai ce: da Turanci ake rubuta WAEC da JAMB, da shi ake neman aiki, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wannan gaskiya ne. Ba ina cewa a hana yaro Turanci ba. A fara masa shi tun ranar farko, ta baki da kunne, da waƙa da labari da gaisuwa da sunayen abubuwa. Abin da nake ƙi shi ne a mai da Turanci harshen da yaro zai fara gane sirrin rubutu da shi. Gane cewa zanen da ke kan takarda magana ce da aka daskarar, sau ɗaya ake yin sa a rayuwa. Wanda ya gane shi da Hausa zai ɗauke shi ya shiga da shi Turanci, domin haruffan kusan ɗaya ne. Wanda aka tilasta wa gane shi da harshen da bai ji ba, sau da yawa ba ya gane shi ko kaɗan. Yana dai koyon kallon bakin malama ya maimaita.

Wani zai ce, ai 'ya'yana da Turanci suka fara kuma suna karatu. Mai yiwuwa ne. A gidanka akwai littattafai, akwai talabijin, akwai uwa mai digiri da ke zama da su bayan magariba. Gidan ne ya cike giɓin da ajin ya bari. Ɗan da ke wani ƙauye a Zango ba shi da wannan, kuma makarantar kuɗin da ke kusa da shi, wadda ke kwaikwayon ta 'ya'yanka, ita ke karɓar ɗan abin da ubansa ya samu daga gero da wake. Zanen aro ba ya rufe katara.

Hujja mafi nauyi ita ce ta gwamnati. A ƙarshen Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta tarayya, a ƙarƙashin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, Allah ya jiƙansa, ta amince a koyar da yara da harshen uwa tsawon shekara shida na firamare. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya faɗa a fili cewa aiwatarwa za ta jira littattafai da malamai. A Nuwamban 2025 ministan da ke kai, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga nazare, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa.

A yi lissafi. Ɗalibin da ya rubuta WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya wajen 2013, shekara tara kafin a amince da manufar. Yaron farko da manufar za ta iya shafa bai wuce aji uku na firamare ba ranar da aka soke ta. Idan kuma tsohuwar manufar ilimi ta 1977 ake nufi, wadda ta ce a fara firamare da harshen muhallin yaro, ita ma galibi a takarda ta tsaya. Abin da ke faruwa a ajin gwamnati shi ne littafi na Turanci, allo na Turanci, bayani da tsawa da Hausa. Yin magana da Hausa a aji daban, koya wa yaro karanta Hausa daban. Gwaje-gwajen da aka yi a Bauchi da Sakkwato tsakanin 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Yaron da ba a koya wa karanta Hausa ba, yaya za a ce karatun Hausa ne ya kayar da shi? An bar jaki ana dukan taiki. A shekarar 2025 kuma, maƙwabtanmu na Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Abin da malama za ta iya yi gobe da safe

Suka ba tare da mafita ba surutu ne. Ga tsani mai hawa shida, wanda ba ya buƙatar wutar lantarki ko kwamfuta, kuma ana iya yin sa a ajin da ya cika maƙil.

Hawa na farko, tafa gaɓa. Yara su tafa sunayensu da na garuruwansu: A-mi-na uku, Bil-ki-su uku, Bau-re biyu, San-da-mu uku. Kunne ne ake horarwa, ba a taɓa alli ba tukuna.

Na biyu, tsakuwa ɗaya sauti ɗaya. Kowane yaro ya zo da murafun kwalba biyar ko ƙwallayen dabino. Malama ta ce *gida*, yaro ya tura huɗu. Ta ce *kwano*, ya tura huɗu, sannan ta rubuta a allo ya ga haruffa biyar. A nan ne zai gane tagwayen baƙaƙe da hannunsa. Daga nan a shiga haɗa gaɓoɓi da karanta gajerun jimloli, da shifta kowace rana, har sai yaro ya iya karanta labarin da bai taɓa gani ba. Wannan ne aikin aji ɗaya da yawancin aji biyu, kuma sauri ya haifi nawa.

Na uku, rufaffiyar gaɓa a matsayin gada. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu, amma tana haɗa su a tsakiya, inda gaɓa ta ƙare wata ta fara: *is-ka, has-ke, fus-ka, kas-ko*. Sunayen yaran ajin ma cike suke da su: Us-man, As-ma-'u, Mus-ta-fa, Ib-ra-him, Id-ris, Jib-rin. Ashe yaron da aka ce ba zai iya *sk* da *st* da *br* da *dr* ba, kullum yana faɗin su idan ya kira abokinsa. Malama ta sa su faɗi *iska*, sannan su raɗa *i* ɗin, sannan su haɗiye shi: *ska*. Daga *ska* zuwa *sky* da *skin* taki ɗaya ne. Daga Idris a ciro *dri*, a je *drink*. Yaran ma sun san Idris da Idirisu, Jibrin da Jibirin, Usman da Usumanu. A tambaye su mene ne bambancin, su da kansu za su gano wasalin da ya shigo.

Na huɗu, kalmar aro da asalinta. A rubuta *burodi* a hagu, *bread* a dama. *Gilashi* da *glass*, *direba* da *driver*, *sito* da *store*, *siket* da *skirt*. Yara su jera tsakuwa ga farkon kowace, su nemo baƙon wasalin da Hausa ta saukar, su ɗauke tsakuwarsa. Malama ta faɗa musu a fili: dukansu daidai ne, wannan ta Hausa ce, waccan ta Turanci. Kada a taɓa dukan yaro ko a yi masa dariya don ya ce burodi. Sunan abin ke nan a shagon mai shayi.

Na biyar, a fara da sautin da ake iya ja. *S* da *f* ana iya riƙe su kamar hucin maciji, don haka *sss-top* da *fff-lag* sun fi *black* da *drum* sauƙi. A ɗauki kalmar da yaro ya riga ya iya, a ƙara mata baƙi ɗaya: *top* ta zama *stop*, *lip* ta zama *slip*, *rain* ta zama *train*. Babu jerin da za a haddace. Kowace kalma kuma a nuna ma'anarta da hoto ko da aiki.

Na shida, a nuna cewa wasalin yana sauya ma'ana. *Blow* daban, *below* daban. *Sport* daban, *support* daban. Malama ta faɗi ɗaya, yara su nuna da aiki, masu hurawa su hura, masu nuna ƙasa su nuna. Idan yaro ya ga wasali guda yana mai da wasa goyon baya, ya sami dalilin kula da shi.

Duk wannan bai wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a rana ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: malamar ta san tsarin sautin harsunan biyu. A nan ne laifin ya tashi daga kanta ya koma kan waɗanda suka ba ta takardar NCE ba tare da sun zaunar da ita sun nuna mata dalilin da ya sa take cewa "sitiriti" ba. Malamar da ake biya abin da bai kai kuɗin cefanen mako biyu ba, aka miƙa mata takardar da aka sauke daga intanet, ba ita ce ta cancanci zagi ba.

Wa ke da alhaki

Ilimi yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya raba tsakanin tarayya da jihohi, kuma makarantun firamare a hannun SUBEB da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi suke. Babu abin da ya hana Jihar Katsina ware lokaci kowace safiya na koyon karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku, ta sake buga littattafan RANA, ta dawo da malaman da aka horar su horar da wasu. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, sun isa a fara da su, a auna yara a farkon shekara da ƙarshenta, a buga sakamakon kowa ya gani. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura, su tabbatar duk mai shirin koyar da ƙananan yara ya yi darasin kwatanta sautin Hausa da na Turanci kafin ya fita. Masarautar da ake kira tushen Hausa Bakwai tana da bakin da idan ta ce a koya wa 'ya'yanta karanta Hausa, hakimai da dagatai da iyaye za su saurara.

Amma mafi yawan alhakin namu ne, mu masu albashi da ke karanta wannan. Mai makarantar kuɗi ɗan kasuwa ne, abin da muke saye yake sayarwa. Mu ne muke tambaya ko ana hana yara "banakula", mu ji daɗi idan aka ce ana cin tarar wanda ya yi Hausa. Mu ne muke auna makaranta da yawan waƙoƙin Turancin da ɗan shekara huɗu ya haddace. Ranar da muka sauya tambaya, takardar za ta sauka daga bango.

Ga jarrabawar da kowane uba da kowace uwa za su iya yi a daren yau. Ku rubuta jimlar Hausa da yaron bai taɓa gani ba, kamar "Akuyar Sani ta shiga gonar Malam", ku miƙa wa ɗanku na aji biyu ko uku. Sannan ku rubuta kalmomin Turanci uku da ba sa cikin littafinsa, kamar *flat* da *stem* da *grin*. Idan ya karanta, ku yi wa malamarsa godiya da kyauta. Idan ya tsaya yana kallon fuskarku yana jira ku fara faɗa ya amsa, to gobe ku je makarantar, ku zauna da shugabanta, ku tambaye shi a wane zango ne ake koya wa yara haɗa baƙi da wasali, da wane harshe, kuma wa ya horar da mai koyarwar. Kada ku biya kuɗin zango mai zuwa sai kun ji amsa.